Abin Da Aka Ciro Daga Jikin Harisu

Ni na lalata auren 'yata Siddiƙa, saura kwana ashirin da shida a ɗaura shi. Ba maƙiyi ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma uwarta ba ce. Ni ne, Sada dillali, na nan bayan Kusugu a cikin Daura. Na faɗa tun da wuri don kada wani a cikinku ya zo ƙasan rubutun nan yana nema mini uzuri.

Shekara talatin da ɗaya ina dillancin dabbobi, daga karar Daura zuwa ta Mashi zuwa Mai'aduwa. Abu ɗaya sana'ar nan ta dasa mini, ba a yarda da bakin mai kaya. Mai rago zai rantse maka da Allah lafiyarsa lau. Kai dai buɗe bakin ragon ka ga haƙori, kora shi ya yi tafiya ka ga ƙafa, sannan ka zura hannu ƙarƙashinsa ka taɓa ka ji. Da wannan na gina gida, da shi na aurar da 'ya'ya biyu. Shi ne kuma na ɗauka na shiga da shi inda ba wurinsa ba.

Siddiƙa ce ta uku a wurina. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Shekararta ashirin da uku, baƙa, doguwa, tela ce. Kekenta na ƙarƙashin rumfar tsakar gida, daga hantsi har la'asar ƙararsa ake ji. Ba ta da yawan magana, amma idan ta ce a'a sai dai ka gaji ka bari.

Shi kuma Harisu ɗan Sandamu ne, yana da shago a bakin titi yana haɗa wa mutane sola. Aiki ya fara kawo shi gidana. Ya hau rufi ya ɗora fanel biyu, ya sauko ta miƙa masa ruwa a kofin silba, shi ke nan. Da maganar ta yi ƙarfi na hau babur da kaina na je Sandamu. Na tambayi uba, na tambayi uwa, na tambayi masallacin da yake sallah. Ban samo komai ba. Kawunsa Malam Suhaibu, mai makarantar Islamiyya, ya zo da mutanensa aka sa rana. Lefe ya iso akwati biyar, shadda, atamfa, da wani leshi ruwan ƙwai da matata Yelwa ta yi kwana uku tana fito da shi tana nuna wa maƙwabta.

Sai yaro ya ɗauke ƙafa. Mutumin da ba ya fashin Alhamis da Lahadi bayan la'asar, kwana goma sha biyu ba a gan shi ba.

Ranar da ya dawo ina zaune a kan dakalin ƙofar gida. Ba a kan babur ɗinsa ya zo ba, napep ya sauke shi. Shi da kullum yake cikin kaftani ɗinkin jiki da wando mai tsukakken baki, ranar jallabiya ce burgujejiya a jikinsa. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya jira, sannan ya sauko da ɗayar. Ya taho yana ware cinya. Da ya zo gaishe ni ya kasa durƙusawa, sai ya rusuna ya dafa gwiwa. Aka ba shi benci ya zauna a gefe guda, a kan rabin mazauninsa.

Na ga tafiyar nan ta fi sau dubu. Tafiyar bunsurun da aka dandaƙe ce.

Na shiga gida na sami Yelwa tana tankaɗe.

"Me ya sami yaron nan?"

"Zazzaɓi ya yi, Malam."

"Zazzaɓi a tsakanin cinya?"

Ta ajiye rariya. "Kai dai ba ka iya ganin mutum ka bar shi ya wuce. Ɗan mutane ya tashi daga ciwo ya zo gaida 'yarka, kai kuma kana ƙirga masa taku."

Ba ta kalle ni ba da take faɗa. Yelwa idan gaskiya take faɗa cikin ido take kallona. Na ajiye wannan a raina.

Washegari da hantsi na dawo ɗaukar igiya da na manta. Siddiƙa na kan keke, allura biyu a bakinta, hannu duk a kan yadi, ta sa waya a kan murya ta jingina ta da gwangwanin zare. Ina ɗaki na ji muryar Harisu tar.

"Ranki ya daɗe, yau sun cire zaren. Likita ya ce wurin ya haɗe, nan da mako biyu in hau babur. Jiya na ga Baba yana kallona, gabana sai faɗuwa yake. Don Allah kada ki gaya masa, kunya nake ji."

Na fito da igiyar a hannu. Ta zabura, allura ta faɗi.

"Uwata, zo nan."

Ta zo ta durƙusa, ta ja mayafi.

"Zaren me aka cire?"

"Aiki aka yi masa, Baba. Ɗan ƙarami."

"A ina?"

"A Katsina."

"Ba garin na tambaye ki ba."

Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Yelwa ta taso daga madafi tana cewa wace irin tambaya ce wannan uba yake yi wa 'yarsa. Na ce to ita ba za ta faɗa ba, ke kin ce zazzaɓi, a kira mini mai jikin ya zo ya faɗa da bakinsa.

Ya zo bayan la'asar. Na shigar da shi zaure na saki asabari. Ya zauna a tabarma da ƙyar, ya cire hula ya riƙe, ya mayar, ya sake cirewa.

"Baba, ina kan rufin wani gida ciwo ya kama ni a maraina, ɓarin hagu. Kamar an soka mini allura an bar ta a ciki. Na daure kwana biyu wurin ya kumbura. Aka kai ni Katsina suka yi hoto, suka ce ba su gamsu ba sai sun buɗe sun gani, don in ƙwan ne da kansa ya murɗe mutum yana iya rasa shi."

"To ƙwan ne?"

"A'a, biyun duk lafiyarsu lau. Wani ɗan tsiro ne a saman ƙwan, bai kai ƙwayar wake ba. Shi ya murɗe, jini ya daina shigarsa, ya yi baƙi. Suka yanke shi suka ɗinke."

"Tsiron me? Ƙari ne?"

"Ba ƙari ba ne. Da shi aka haife ni."

Da ya tsaya a nan, da yanzu Siddiƙa na ɗakinta. Amma yaron nan gaskiya ta yi masa yawa, ya ga kamar idan ya zazzage mini komai hankalina zai kwanta.

"Likitan har zana mini ya yi a takarda. Ya ce jariri tun yana ɗan tayi, kafin a san namiji ne ko mace, Allah yana shimfiɗa masa hanya biyu, ta namiji da ta mace. In mace ce, tata ta girma ta zama mahaifa. In namiji ne, ta macen ta shanye ta ɓace, sai ɗan guntun da ya rage ya maƙale a nan. Ba ya aikin komai. Ya ce kusan kowane namiji yana da shi, bai dai sani ba."

"Tsaya. Abin da yake zama me?"

"Mahaifa, Baba. Amma a jikin mace. Ni nawa..."

"A jikinka aka ciro shi ko a jikin mace?"

Ya ce, "A jikina."

Ya ciro waya ya nuna mini hoton da ɗan'uwansa ya ɗauka a asibiti. 'Yar kwalba ce da ruwa a ciki, an manna mata takarda da rubutu. A gindinta wani ɗan baƙin abu ya kwanta, sak kaska ta sha jini ta ƙoshi. Na ce ya turo mini. Ya turo, ko tambayar me zan yi da shi bai yi ba.

Yanzu sai na gaya muku abin da ke cikina, don ku san ba haka kawai na haukace ba. Shekara tara da suka wuce na saya wa wani Alhaji jan bunsuru ɗan Maraɗi, na barbara. Gemu har ƙirji, wari kuwa daga nesa. Hannuna na sa na taɓa, kaya biyu cif. Ya shekara a cikin awaki arba'in ko ɗaya ba ta ɗauka ba. Alhaji ya dawo mini da shi a tsakiyar kara da baƙar magana. Na kai wa abokina Amadu mahauci. Yana farke cikin ya ɗago yana dariya, ya ce, "Sada, zo ka ga amaryarka." Mahaifa ce kwance a ciki, da reshenta biyu kamar ta akuya. Mata-maza ne. Wata guda ana yi mini dariya daga Daura har Mashi.

Tun da Harisu ya ce mahaifa, bunsurun nan nake gani. Sauran bayaninsa duk bakin mai kaya ne a kunnena.

Da safe ban je asibiti ba, ban nemi wani mai ilimi ba. Wurin Amadu na tafi. A ganina likita ya buɗe mutum nawa? Amadu kuwa shekara arba'in kullum hannunsa a cikin ciki. Na same shi a teburinsa a kasuwa yana sara ƙashi, mutum biyar ko shida na tsaye suna jira.

"Dillalin mata-maza! Yau kuma me ka kawo mana?"

"Bar wasa. Wani ne ya aiko in tambaya masa." Na miƙa masa wayar.

Ya goge hannu a gaban riga, ya riƙe ta nesa da fuska ya ƙanƙance ido. "Na tunkiya ne ko na akuya?"

"Na mutum."

"Kai!"

Na rage murya na gaya masa inda aka ciro shi, da abin da likita ya ce asalinsa. Amadu ba ya da ƙaramar murya, Allah bai ba shi ba.

"Ragowar mahaifa? A jikin ƙato? To ni dai ban san na mutane ba. Amma duk dabbar da na buɗe na sami kayan mace a cikin namiji, ban taɓa jin ta yi barbara an ga ɗa ba. Kai ma ka sani."

Akwai wani mai shayi da ke jiran hanta, ya miƙo wuya ta bayan kafaɗar Amadu. Ya sa yatsu biyu ya ware hoton. Ni ban taɓa kula da takardar jikin kwalbar ba, rubutun likitoci ne, na ɗauka ba mai iya karantawa.

"Harisu... Sandamu," ya karanta da ƙarfi. Ya ɗago. "Kai, ba mai sola ba ne? Malam Sada, ba surukinka ba ne?"

Wuƙar Amadu ta tsaya. Na fizge wayata na ce ba shi ba ne, masu suna Harisu ai da yawa a Sandamu. Ba wanda ya musa mini, ba kuma wanda ya yarda.

Kwana uku maganar ta ƙare zagaya Daura ta koma Sandamu, kuma ba yadda ta fita ta isa ba. A teburin mai shayi an ce mahaifa guda aka ciro masa. A tashar babura an ce har da ɗa a ciki. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na wani maigida da Harisu ya je yi wa gyara. Ya tsaya a ƙofar gida yana sallama a ce wa mata su kauce, maigidan ya ce masa a gaban mutane, "Shiga kawai, ai 'yar'uwarsu ce ta zo." Yaron ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya juya. Tun daga ranar ya rufe shago.

Kada ku ɗauka na yi nadama a lokacin. Cewa na yi in ba gaskiya ba ce me ya sa ya ɓoye? Me ya sa Yelwa ta ce zazzaɓi? Me ya sa ya rufe shago?

Siddiƙa ta same ni ina alwala. Idonta ya kumbura, ɗankwalin ma a karkace.

"Baba, ni na yarda da shi haka. Ko da abin da suke faɗa gaskiya ne, na yarda."

"Ke ba ki san komai ba, Uwata. Shekara biyar ba goyo, ke za a zaga, ba shi ba."

"Ni ya fara gaya wa, tun yana gadon asibiti. Wanda yake da abin ɓoyewa ba ya turo hoto."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Malam Suhaibu ya zo bayan azahar, shi kaɗai, da rawani da carbi, fuskar nan ba walwala. Bai sha ruwan da aka kawo ba.

"Malam Sada, yaro ya ba ka amanar jikinsa, ka kai ta teburin fawa."

"Tambaya na je yi. Uba ne ni."

"To ga mota, gobe mu tafi Katsina ni da kai. Likitan da ya yi aikin ya yi maka bayani da bakinsa."

"Shi ya yi aikin, zai ce aikinsa ya ɓaci ne? Ai shaidar mai kaya ce."

"To me kake so?"

"Akwai Baba Saminu wanzami, shi ya yi wa 'ya'yana maza kaciya. Ya duba shi da hannu. In ya ce namiji ne, magana ta ƙare."

Ya dube ni. "Ka san abin da kake nema kuwa? Ɗan mutane ne, ba rago ba."

"Ni ma 'yata zan bayar, ba tunkiya ba."

Da ya fita Yelwa ta taso mini, ashe tana bayan ƙofa. "Kai da ka zo neman aurena wa ya kwance maka wando? Babana dariya ya yi ya ba ka, da ƙafarka mai kaushi da komai!" Na ce ta koma madafi.

Na san hannu bai cece ni a kan bunsurun Alhaji ba. Na sani sarai. Amma ban iya wata hanya ba, kuma can ƙasan raina na ɗauka yaron ba zai yarda ba, in ce kun gani.

Ya yarda. Saboda Siddiƙa ya yarda, daga baya na ji har kuka ta yi masa a waya tana cewa kada ya zo, ya ce in wannan ne zai rufe bakin gari zai yi.

Ranar Juma'a da hantsi aka yi, a zaurena. Baba Saminu ya zo da zabirarsa yana dogara sanda. Harisu ya zo da farar shadda sabuwa, guga kamar takarda, da hula zanna, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Malam Suhaibu ya ƙi shiga, ya tsaya a rana. Ni na tsaya a bakin ƙofa na juya baya na riƙe asabari. A ƙarƙashin darbejiyar maƙwabcina mutum ya kai goma, wai inuwa suke sha. Ban gaya wa kowa ba, amma sun zo.

Na ji Harisu ya kwance zariya. Na ji tsohon yana cewa, "Yi haƙuri ɗana, yi haƙuri." Ba a yi minti biyu ba.

Baba Saminu ya fito yana goge hannu da gefen riga, ya ɗaga murya yadda na ƙarƙashin bishiya za su ji. "Sada, namiji ne cikakke. Ɗan ɗinki ne kawai, ko na kaciya ya fi shi. Me ka sa ni na yi da tsufana?"

Harisu ya fito bayansa. Bai rusuna ba. Tun da na san shi bai taɓa kallona cikin ido ba sai ranar.

"Ka gamsu, Baba?"

"Na ji," na ce.

Ya sa takalmi ya bi bayan kawunsa. Zoɓon da Siddiƙa ta haɗa ta sa ƙanƙara aka ajiye masa a zaure yana nan, ko murfin bai buɗe ba.

Ni a wurina magana ta ƙare, biki na nan. Sai dai ban gamsu ba, gaskiya ke nan. Hannu waje yake taɓawa, na bunsuru kuwa a ciki yake. Ranar Litinin na saci jiki na je wurin wani likita a nan Daura, wanda bai san Harisu ba, bai san ni ba. Na rufe sunan da babban yatsa na nuna masa hoton. Na ba shi labarin bunsurun ma.

Bai yi dariya ba. Ya ce mata-maza daban ne, akwai su a dabbobi akwai su a mutane, amma wannan ko kusa ba shi ba ne. Ya ce wannan kamar cibiya ne, alamar abin da ya wuce tun ana ciki. Ba ya hana kusantar iyali, ba ya hana haihuwa, a cire shi ko a bar shi duk ɗaya.

"In aka jera maza goma aka buɗe, Baba, takwas ko tara za a samu da shi."

"Har ni?"

"Da wuya a ce ba ka da shi. 'Ya'yanka nawa?"

"Bakwai."

"To ka gani. Ko kana so mu duba?"

Na ɗauki hulata na fito. Na hau babur ina jin kamar wandona ya ƙara nauyi. A hanya na tsaya na sayi tsire mai yawa da lemo, na ce yau zan kira yaron nan in ba shi haƙuri, in je har teburin Amadu in faɗa da ƙarfi cewa ni ma ina da irinsa.

Na shiga gida ban ji ƙarar keke ba. Akwatunan lefe biyar a jere a tsakar gida, an ɗaure kowanne da ƙyallen atamfa. Yelwa na zaune a kan turmi tana share hawaye da bakin zani. Siddiƙa ce take ninke leshin nan ruwan ƙwai, tana daidaita gefe da gefe kamar na mai ɗinki.

"Mene ne haka?"

Ta ɗauko waya ta danna, ta ajiye a kan akwati, ta ci gaba da ninki. Saƙon murya ne daga Harisu.

"Siddiƙa, na yi kwana uku ina neman yadda zan faɗa. Allah ya sani ba ki yi mini komai ba. Na ɗauka in na yi abin nan zan iya mantawa, na kasa. In na aure ki, duk Sallah, duk suna, duk rasuwa, sai na zo na durƙusa a zauren nan na gaida mutumin da ya riƙe ƙofa aka kwance mini wando. 'Ya'yana su ce masa kaka. Ba zan iya ba. Kayan naki ne, na bar miki. Ki yafe mini."

Na ce a ba ni wayar in kira shi. Ta ce ya rufe lambarta. Na ce zan tafi Sandamu yanzun nan, na je wurin likita, na gane, kusan kowa yana da shi. Ta ɗago ta dube ni.

"Ai ya gaya maka, Baba. Ranar farko."

Na je Sandamu. Malam Suhaibu ya karɓe ni da mutunci, ya shimfiɗa mini buzu, ya saurare ni har na gama. Ya ce ya ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma su sun janye. Harisu bai fito ba. Kayan kuwa Siddiƙa ba ta riƙe ko ɗankunne ba, ita ta kira napep, ita ta loda su da hannunta.

An ɗaura wa Harisu aure a ranar da muka sa, a sa'ar da muka sa, da 'yar kawunsa Hadiyya. Uwarsa ce ta ce ba za a ɗaga ko kwana ɗaya ba, gari ya gani da idonsa. Ya sake buɗe shago a Sandamu, ba ya shigowa Daura aiki. Yau wata bakwai, an ce cikin Hadiyya ya fito.

Gari ya saki Harisu ya kama gidana. Yanzu a majalisar samari in wani ya ce yana son 'yar Sada sai a ce masa ya sayi zariya mai saurin kwancewa. Mutum biyu sun fara zuwa, kowanne sau ɗaya, tsokana ta kore su.

Makon jiya wani malamin firamare ya zo, mutumin kirki, Yelwa ta san uwarsa. Ina zaure bayan la'asar na ji tsayuwar babur. Sai ga Siddiƙa ta fito daga cikin gida da kayan aikinta, zare duk a jikin zani, ko hoda ba ta shafa ba. Ta durƙusa ta nuna mini waya. Ya rubuto, "Ina ƙofar gida, in ba damuwa."

"To ki je mana, Uwata. Ki sa mayafi mai kyau."

"Tambaya na zo yi, Baba. In fita yanzu, ko in fara aikawa a kira Baba Saminu?"

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Ta jira ni kaɗan, sannan ta goge saƙon a gabana, ta goge lambar, ta tashi ta koma ciki.

Ya yi kusan rabin awa a waje, ina jinsa yana gyaran murya. Daga nan ya tada babur ya tafi. Shi ne na ƙarshe da ya zo.